Alƙaluman ɓarin ciki sun ɗaure min kai, ina neman shawara

Ɗaliba: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta aikin kammala digiri kan ɓarin ƙaramin ciki da tasirinsa ga yawan al'umma. A alƙaluman da na tattara, wasu ƙasashen Turai masu ingantattun asibitoci sun fi wasu yankunan Afirka da Asiya yawan ɓari. Anya kuwa? In ɗauke su haka, ko akwai abin da ban gano ba?

Ungozoma: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ɗauke su haka. Kusan kashi 80 cikin 100 na ɓari yana faruwa ne a makonni 12 na farko. Inda mace ke yin gwaji da zarar al'adarta ta yi jinkiri, za a rubuta ɓarinta. Inda ba a zuwa awo sai ciki ya fito, jinin zai zo ya wuce, ita kanta ta ɗauka al'ada ce ta makara, babu wanda ya ƙirga. Binciken da wani masani mai suna Wilcox ya jagoranta a Amurka a 1988 ya nuna kashi 22 na cikin da gwaji ya gano sun zube tun kafin a tabbatar da su a asibiti.

Malamin ƙididdiga: Ƙari a kan bayanin Anti, ma'aunin ma ba ɗaya ba ne. Wata ƙasa tana raba ɓari da haihuwar jariri ba rai a mako na 20, wata 22, Birtaniya 24, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma 28 take amfani da shi wajen kwatanta ƙasashe. Sai ki fara duba wannan a kowane teburi.

Amma akwai bambanci na gaske, kuma shekarun uwa ne kan gaba. A binciken Norway na 2019, haɗarin ya kai kashi 10 ga 'yan shekara 25 zuwa 29, ya haura kashi 50 daga shekara 45. To duk inda ake jinkirta haihuwa, kamar Koriya ta Kudu da matsakaicin yawan 'ya'yan da mace ɗaya ke haifa ya faɗi zuwa 0.72 a 2023, ɓari ɗaya kan iya hana mace ɗan da take nema gaba ɗaya, don lokaci ya ƙure. Inda ake fara haihuwa da wuri kuwa, 'yan watanni kawai yake ƙarawa tsakanin haihuwa da haihuwa. Shi ya sa Bongaarts, masanin ƙididdigar yawan al'umma, bai sa shi cikin manyan abubuwa huɗu da ke bambanta yawan haihuwar al'ummu ba. A ganina nan ne gishirin aikinki yake.

Likita: Kar a manta da zazzaɓin cizon sauro, tunjere da ciwon suga, su ma sun bambanta da yanki. Sai dai kusan rabin ɓarin farkon ciki matsalar ƙwayoyin halittar ɗan tayi ce, wannan ko'ina haka yake. Kiyasin mujallar Lancet na 2021 ya ce kusan kashi 15 na cikin da aka tabbatar ne ke zubewa, wato ɓari miliyan 23 a shekara a duniya.

Ɗaliba: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Malam, in rarraba alƙaluman bisa rukunin shekaru kafin kwatantawa kenan?

Malamin ƙididdiga: Haka ne, shekara biyar-biyar. Ki kuma ware na asibiti daban da na tambayar gida-gida.