Digirin digirgir kan farfaɗowar al'umma bayan bala'i: ta ina ake kamawa?

Ɗalibar Muhalli:
Assalamu alaikum malamai. Ina gab da kammala digiri na biyu a ilimin zamantakewar al'umma, ina so in zarce digirin digirgir a ɓangaren muhalli, kan yadda jama'a ke jure ambaliya ko guguwa su sake miƙewa. Burina koyarwa da bincike a jami'a. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, bala'i ba ya sallama. Yaya za a tsara aikin shekara uku ko huɗu a kan abin da ba a san ranar zuwansa ba?

Mai Nazarin Ibtila'i:
Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ɗaura kundinki a kan jiran bala'i. Zaɓi al'ummar da ke zaune cikin haɗari, ki fara tattara bayanai tun lafiya lau. Ba a auna farfaɗowa sai an san yadda mutane suke kafin abin ya auku, in kuwa kika tambaye su bayan ya auku, tunaninsu kan ƙawata rayuwar da suka rasa.

Misalin da ake yawan bayarwa shi ne na New Orleans a Amurka. Wasu masu bincike na bibiyar ɗaliban kwaleji masu ƙaramin ƙarfi, galibinsu iyaye mata, kan wani batun karatu daban, sai guguwar Katrina ta afka a watan Agustan 2005. Da yake suna da bayanan lafiya da kuɗin shiga na waɗannan matan tun da farko, sai suka ci gaba da bin su sama da shekara 10.

Inda aiki ke lalacewa shi ne ɓacewar mutanen da kike bi. Waɗanda bala'in ya fi yi wa illa su ne ke ƙaura, sai ki koma ki tarar da waɗanda suka iya zama, ki rubuta cewa gari ya warke. Tun hirar farko ki karɓi lambar wayar mutum biyu ko uku da za su san inda wanda kika yi hira da shi yake, ɗaya daga cikinsu mazaunin wani gari. Sannan ki nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike tun yanzu, har da izinin binciken gaggawa a ciki, domin in sai ruwa ya ci gari za ki shigar da takarda, kafin a sa hannu sansanonin waɗanda bala'in ya raba da gidajensu sun watse.

Malam Alƙaluma:
Na yarda da malam, sai dai hira kaɗai ba ta wadatar a wannan fannin. Ki koyi taswirar kwamfuta ta GIS da manhajar lissafi ɗaya, R ko Stata, yadda za ki iya ɗora bayanan ƙidayar jama'a a kan taswirar ambaliya. Ki karanta ma'aunin raunin al'umma da Susan Cutter da abokan aikinta suka fitar a 2003, amma kada ki ɗauke shi ɗungurungum: da bayanan gundumomin Amurka aka gina shi.

Hattara da rumbun bayanan bala'o'in duniya na EM-DAT da ke Beljiyam. Yana shigar da bala'i ne idan aƙalla mutum 10 suka mutu, ko ya shafi aƙalla mutum 100, ko an ayyana dokar ta-ɓaci, ko an nemi agajin ƙasashen waje. Ƙananan ambaliyoyin da ke cinye dukiyar gida shekara bayan shekara sukan sulale ta ƙasa. Wani rumbun mai suna DesInventar ya fi kama irin waɗannan a ƙasashen da ke amfani da shi.

Ɗalibar Muhalli:
Na gode malamai. To maganar samun aiki fa?

Malama Mai Duba Kundi:
Ƙanwata, a nan ake tuntuɓe. Fannin ya ratsa sassa da yawa, amma sashe ɗaya ne ke ɗaukar malami. In duk takardunki a mujallun bala'i suke, irin su Disasters, masu tantancewa a sashen zamantakewa za su ce ina ilimin zamantakewar? Ki sa aƙalla takarda ɗaya a mujallar ainihin fannin, da tambaya kan talauci, jinsi ko zumunci. Dubi binciken Eric Klinenberg kan tsananin zafin Chicago na 1995, wanda ya kashe sama da mutum 700: unguwanni biyu maƙwabta ya kwatanta, ya nuna inda tituna ke da shaguna da zirga-zirga tsofaffi sun fi tsira.

Kalmar juriya ma ki riƙe ta da hankali, don hukumomi kan fake da ita su bar wa talaka nauyin ceton kansa. Ki fayyace a babin farko juriyar wa kike nufi, kuma a kan me.

Wajen zaɓen mai duba aiki, ki leƙa cibiyar binciken bala'i da aka kafa a Jami'ar Jihar Ohio a 1963, wadda ta koma Jami'ar Delaware a 1985, da cibiyar Jami'ar Colorado a Boulder da ke ba da ƙaramin tallafin zuwa fili da gaggawa. Ki duba sharuɗɗan cancanta tun da wuri. Tsarin Sendai na Majalisar Ɗinkin Duniya kan rage haɗarin bala'i kuma zai ƙare a 2030, kusan lokacin da za ki fara neman tallafin kanki, don haka ki sa ido kan abin da zai gaje shi.