Neman kalma: me za mu kira abin da ake yi wa aska a kan fata?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau da buƙata na zo, kuma ina roƙon malaman harshe da wanzamai da dukawa su matso kusa. Kalmomi biyu ne na Turanci suka tsaya mini a rai, hone da strop. Duk wanda ya shiga sha'anin askar naɗewa irin ta Turai, wadda ruwanta ke shigewa cikin mariƙinta, zai ci karo da su tun ranar farko. Mu kuwa duka biyun "wasa" muke cewa. A wasa aska a dutse, a wasa ta a fata. Ni dai a wurina aiki biyu ne daban, kuma haɗa su a kalma ɗaya ya taɓa jawo mini asara.

Ina da wata tsohuwar aska ƙirar Sheffield ta Ingila, faɗin ruwanta 6/8 na inci. Da tsatsarta na saye ta, mariƙin ya tsage. Na yi mako uku ina fama da ita da daddare har ta dawo tana cin gashin hannu ba tare da ta taɓa fata ba. Ƙanena ya gani ya yaba, na ba shi aro tare da fatarta. Da ya kira ni a waya na ce masa, "Kafin ka sa ta a fuska, ka wasa ta a fatar nan kamar sau arba'in." Shi kuma ya sha zama kusa da ni ina washi a dutse, ya ga baki ne ke shiga gaba. Sai ya yi wa fata yadda ya ga ana yi wa dutse. Da yamma ya turo mini hoto: fata ta yanke wuri uku, bakin aska ya lanƙwashe. "Yaya, wallahi yadda ka ce na yi," in ji shi. Gaskiyarsa ce. Wasa na ce, wasawa ya yi.

Bari in fara da dutse, tunda nan ba mu da rigima. Hone dai washi ne, dutsen kuma mawashi ko dutsen washi, kalmominmu ne tun kaka da kakanni. Abin da ke faruwa a nan shi ne dutse yana cin ƙarfe. Ba kamar wuƙa ba da ake ɗaga bayanta, ita aska kwantar da ita ake yi gaba ɗaya, baki da gadon baya duk suna taɓa dutse, sannan a tura ta baki na gaba kamar za a yanko ɓawon dutsen. Kaurin gadon bayan da faɗin ruwan su ne ke yanke kusurwar kaifi, wadda ke kamawa wajen digiri 15 zuwa 17 in an haɗa gefe biyu. Maƙerin da ya ƙera ta ya riga ya yi maka lissafin, naka kawai ka da hannunka ya yi nauyi.

Duwatsun suna da lamba, mai ƙaramar lamba ya fi kaushi. Da mai 1000 ake kafa baki, wato a ci gefe biyu har su haɗu a layi ɗaya daga gindi zuwa tsini. Nan ne aikin yake, wanda ya yi gaggawa a nan duk abin da ya biyo baya ɓata lokaci ne. Daga nan sai 3000 ko 4000, sai 8000, masu son taushi su ƙarasa da 12000. Akwai na kamfani irin su Naniwa da Shapton na Japan da Norton na Amurka, akwai kuma na Allah da ake haƙowa, kamar wani rawayan dutse da ake kira coticule daga yankin Vielsalm na Beljiyam, wanda ake goga masa ƙaramin ɗan'uwansa har ruwan kansa ya yi kauri kamar koko. Ka lura da ruwan da ke kan dutse in kana washi. Idan ya fara yin baƙi-baƙi, jikin askarka ne ke tafiya. Shi ya sa ba a yi kullum. Askar da ake kula da ita takan yi watanni ba ta koma dutse ba.

Fata kuwa, wato strop, kullum ce, duk ranar aski. Ana rataye ta a ƙusa ko mariƙin ƙofa, a ja ta ta miƙe sosai, a kwantar da aska, a ja ta gadon baya na gaba baki na biye. In an kai ƙarshe a mirgina ta ta kan bayanta, ba ta kan baki ba, a dawo. Galibi akwai gefen ƙyalle mai kauri da ake fara bi kamar sau ashirin, sannan fata sau arba'in zuwa sittin. Ba ruwa, ba baƙi-baƙin nan na cin ƙarfe, sai wani sauti siriri da kunne ke sabawa da shi, har in hannu ya karkace kunne ne ke fara gaya maka. Bakin aska ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, gemu kuma yana da tauri, don haka bayan aski ɗaya bakin yakan ɗan kwanta nan da can, danshi kuma ya bar masa tabon da ido ba ya gani. Fata tana share wannan, ta miƙar da abin da ya kwanta. Abin da take ci na ƙarfe bai taka kara ya karya ba.

To aikin da ɗaya baki ke gaba ɗaya baya ke gaba, ɗaya sai bayan watanni ɗaya kullum, ɗaya na rage ƙarfe ɗaya na lallashinsa, yaya za a ce sunansu ɗaya?

Sunan ita kanta fatar bai dame ni ba. Wanzamanmu suna da ita a zabira, kusa da ƙaho da 'yar tsaga da almakashi, kuma fatar wasa aska ake ce mata. In ta yi tsawo a baki sai a ce fatar aska, kowa ya gane. Aikin ne ba shi da suna nasa na kansa.

Na juya kalmomi da yawa kafin in zo nan. Goga ta fara zuwa mini, amma sunan aikinta guga ne, kuma da ka ce gugar aska tunanin mutum zai tafi wajen dutsen guga da gawayi. Ban da haka goga ba ta da alkibla, ana goga abu gaba da baya da ƙarfi, abin da ke kashe baki ke nan. Shafa ta fi taushi, sai dai shafawa tana son abin shafawa, mai ko magani. Feƙe na tsini ne, fensir da tsinke. Koɗa ta maƙera ce da masu dutsen niƙa, akwai duka a cikinta. Lailaya ta yi mini daɗi a kunne kwana biyu, har na tuna cewa abin da aka lailaya mulmulewa yake yi, kuma mulmulewar baki ita ce ainihin cutar da sakakkiyar fata ke jawowa. Ba za mu raɗa wa magani sunan ciwo ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne tada kaifi, sunan aikin kuma tashin kaifi. Ba daga littafi na samo ba. Akwai wani dattijon wanzami da ke zama gindin wata bishiya a bakin kasuwarmu. Na tsaya ina kallonsa ranar nan, ya gama da dutse tun da safe, amma kafin ya ɗora aska a kan wani tsoho sai ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya ja ta sau biyar ko shida, baya na gaba, yana juya ta ko kallo ba ya yi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan ma washi ne?" Ya ce, "A'a ɗana, washi ai na yi. Bakin ne ya ɗan kwanta." Daga nan na kama. Abin da ya kwanta tada shi ake yi. Wanda ya mutu kuwa, wato aska ta dakushe, sai dutse. Kuma kalmar da kanta tana koyar da hannu, don mai tada barci ba ya zuwa da sara.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Wani malami daga Zariya ya ce in dai tashin kaifi ne aikin, to abin aikin ya zama matashin kaifi, bisa ƙa'idar mawashi da madubi da mabuɗi. Malam, ƙa'idar ta yi daidai, Allah ya ƙara sani. Damuwata kunne ne. Matashin kaifi da matashin kai harafi biyu ne tsakaninsu, ga kuma matashi na samari a gefe. Tunda fatar aska tana nan da ranta a bakin masu sana'a, gara mu bar ta. Amma in marubuta suka ɗauki taka ta bi jiki, ni mai bi ne.

Wani ɗan'uwa daga Maradi ya kawo abin da ya fi ba ni aiki. Ya ce ai akwai fatar da ake shafa wa koren magani, ita kuma tana cin ƙarfe, to ina tashin kaifi a nan? Gaskiya ne. Wannan koren abin garin sinadarin kuromiyam ne, ƙwayarsa kamar rabin maikiron (maikiron ɗaya bisa dubu ne na milimita), kuma yana ci, ko da yake a hankali. Ana komawa gare shi ne in aska ta fara jan gashi amma ba ta kai ga dutse ba, a ja ta sau biyar zuwa goma a tsaya. A nan sai in ce tsohon sunan wanzamai ya zauna daram: wannan ce fatar washi ta gaske, mai magani, kuma ba a haɗa ta da ta kullum. Sai dai ko a kanta baya ne ke gaba, domin duk abin da aska za ta iya yankawa ba a tura mata shi a baki. Wanda zai rubuta umarni ya faɗi haka ƙarara.

Akwai kuma wanda ya ce me ya sa muke wahalar neman suna ga abin da reza ta riga ta binne. Na fahimce ka. Tun da Gillette ya sami rajistar rezarsa a Amurka a 1904 kasuwar askar naɗewa ta ragu ƙwarai, kuma a shagunan aski yanzu sabuwar reza ga kowane kai ita ce daidai, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da jini ke ɗauka. Ba na jayayya da wannan ko kaɗan, askata fuskata ce kaɗai, ko ƙanena sai da na tafasa ruwa na wanke ta da sinadari kafin da bayan aro. Amma kamfanin Dovo na Solingen a Jamus da aka kafa a 1906, da Thiers-Issard na Faransa tun 1884, har gobe suna ƙera ta ana saye. Mu da muke da sarautar Sarkin Aska, bai kamata samarinmu su koyi gyaran aska da aron baki ba.

Tunda mun taru, ga wata ƙarama. Ɓangarori biyun nan da ruwan aska ke shiga tsakaninsu, Turawa scales suke ce musu. Ƙota ba ta dace ba, don ba su ake riƙewa a lokacin aski ba, wuyan ƙarfen ake kamawa da yatsu su kuma su tashi sama. Kube kuma zare abu ake yi daga cikinsa. Ni kumatu nake ce musu, kumatun aska, tunda biyu ne dama da hagu kuma baki na tsakiya. Nan ne masu son ado ke baje kolinsu: ƙaho, ƙashi, katako mai tauri, roba mai launi. Na tsohuwar askata da ƙahon sa na sake su, na samo a mayanka, na dafa shi ya yi laushi na danne shi ya miƙe, na goge har ya yi sheƙi kamar zuma, na ɗaure da ƙusar tagulla mai kaurin 1/16 na inci wadda ake dandaƙe kanta da ƙaramar guduma a hankali. In kumatu sun yi nauyi suna rinjayar hannu a kan fata. In kuma tsohuwar robar nan ce ta seluloyid da ta fara ruɓewa, cire ta da wuri, iskar da take fitarwa tana cinye ruwan aska da tsatsa.

Haka zanen da ake yi wa gadon baya da magagari. Yana da kyau ƙwarai, amma tuna bayan nan shi ne ma'aunin washi. In zanen ya ci gefe ɗaya fiye da ɗaya, aska za ta riƙa rawa a kan dutse, baki ya fito wani wuri faɗi wani wuri siriri. Masu kare zane sukan liƙa wa bayan baƙin salatif na masu gyaran wuta kafin washi. Yana ƙara kusurwa kaɗan, don haka in ka fara da shi, da shi za ka riƙa yi kowane karo.

Askar Sheffield ɗin ta koma kan dutse mai 1000, na sake kafa mata baki daga farko, wani baduku kuma ya yanka mini sabuwar fata. Jiya ƙanena ya sake karɓar ta. Ga saƙon da na tura masa, ku duba mini ko akwai inda zai sake ruɗewa: "Washi na riga na yi, ka da ka kai ta dutse. Kafin aski ka tada mata kaifi a fatar aska sau arba'in, baya na gaba, ka juya ta kan bayanta. In ka gama ka share ta ta bushe kafin ka rufe kumatun."