Yarona ya kasa riƙe ayar haddacewa, ku ba ni shawara

Maman Yara, Sabon Tasha: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah ku taimake ni, abin nan ya hana ni barci. Maigidana a Abuja yake aiki, sai Juma'a yake shigo jirgin ƙasa ya sauka Rigasa, Lahadi da yamma ya koma. Surukata ta zo daga wajen Kafanchan tun bayan Ista don ganin likitan ido, har yau tana nan. Ba ƙorafi nake ba, uwa ce. Amma yanzu ita ke jan addu'ar safe da tsohon Littafinta Mai Tsarki wanda aka ɗaure bangonsa da roba, kuma duk ayar da na koya wa yara sai ta ce ba haka ake faɗa ba. To ranar Lahadin yara aka kira babban ya faɗi Zabura 23 a gaban ikilisiya. Ya ce "Ubangiji makiyayina ne," sai ya tsaya cak yana murza bakin rigarsa. Matan zumunta na ta "ci gaba, ci gaba," shi ko sai hawaye. A hanyar gida Mama ta ce, a gaban mai keke napep, wai waya ce ta cinye ni. Akwai gasar hadda wata mai zuwa. Yaya zan yi?

Dattijon Narayi: 'Yata, ba ki faɗi shekarun yaron ba, amma ko nawa ne maganin ɗaya ne: asuba. Na daɗe ina koyarwa a makarantar Lahadi, ban taɓa ganin yaron da ya yi hadda da dare bayan ya ƙoshi da tuwo ba. Ki tashe shi ƙarfe 5, aya guda, ya maimaita da ƙarfi, ba shayi sai ya kawo ta. Zabura 23 ayoyi 6 ne kacal. Mu a zamaninmu an sa mu Zabura 119 mai ayoyi 176, ba wanda ya mutu.

'Yar Barnawa: Baba, da girmamawa, yaron da ya yi kuka a gaban jama'a kuma a hana shi shayi? Sai ya tsani Littafin gaba ɗaya. 'Yar'uwa, ki sa masa ayar a waƙa. Nawa da muryar waƙoƙin zumunta suka riƙe Yohanna 3:16, muna wanke-wanke muna rerawa. Ki fara da gajeru, Zabura 117 ayoyi 2 ce.

Maman Yara: Shekararsa 8. Ai ina yi masa da safe, sai dai ƙarfe 6 da rabi motar makaranta ke zuwa, ga ƙanwarsa, ga ɗiban ruwa. Waƙa kuma Mama ta ce Maganar Allah ba abin wasa ba ce.

Malamar Firamare, Kakuri: Tambaya ɗaya: da wane Littafi yake hadda? A makaranta Turanci ake ba su, galibi King James. Kakarsa ƙila tsohon juyi ne a hannunta, wanda ya samo asali daga fassarar 1932, ke kuma na 1979 ko na cikin waya. Ko sunayen littattafan sun bambanta: wancan ya ce Misalai da Kubawar Shari'a, wannan ya ce Karin Magana da Maimaitawar Shari'a. Yaro ya ji aya guda da baki uku, ya za a yi bai rikice ba? Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai.

Dattijon Narayi: Malama, wannan boko ne. Tsohon juyin shi ya raini iyayenmu. A bar wa kaka yaron, ta fi uwar sanin aikin. Kubawar Shari'a 6:7 ta ce a koya wa 'ya'ya a zaune a gida, da tafiya a hanya, da kwanciya, da tashi. Ba ta ce sai in motar makaranta ta ba da dama ba.

Uwar 'Yan Biyu: Ni gasar nan ma haushi take ba ni. Bara 'yata ta kawo 1 Korantiyawa 13 ba tuntuɓe, aka ba ɗan wani babba a ikilisiya kyautar farko, ita aka ba ta biro. Biro! Har yau ban sake ba da gudummawar ranar yara ba. In kin ga dama ki cire shi kawai.

Wani Uba, Ungwan Boro: To ina uban? Afisawa 6:4 da ubanni take magana. Ko a waya ai zai iya sauraron yaron kowane dare.

Maman Yara: Don Allah kada a sa maigidana a ciki, nema yake mana. Malama, na ji, amma Littafina kyautar aure ce, ba zan ajiye shi ba, Mama kuma ba za ta ajiye nata ba. Cire shi daga gasar ma ba zai yiwu ba, na riga na biya kuɗin riga.

'Yar Barnawa: To shi yaron kin tambaye shi abin da ya sa ya tsaya? Wataƙila ya iya, idon mutane ne.

Dattijon Narayi: Ba a tambayar yaro, gaya masa ake yi. Ƙarfe 5, 'yata. Bayan mako biyu ki dawo ki ba mu labari.

Maman Yara: A gida ai yana kawowa har aya ta 4. Ni dai abin da nake so in sani, akwai wanda ya san ko a gasar da Hausa za a yi ko da Turanci?

Uwar 'Yan Biyu: Ko da wane yare za a yi, an riga an san mai cin kyautar.