Taƙaitawa: karɓar kuɗin tallafin rashin aiki a Amurka, asusun banki ko kati?

'Yan uwa, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawar da aka yi kan ko a karɓi kuɗin tallafin ta asusun banki ko ta katin cire kuɗi da jiha ke zuba tallafin a ciki:

1. An yi ittifaƙi cewa kowace jiha da tsarinta. Texas na amfani da katin ReliaCard, California kuma katin Money Network. Kada a ɗauki dokar wata jiha a ɗora wa wata.

2. Mafi rinjaye sun zaɓi a zuba kuɗin kai tsaye cikin asusu: babu jiran kati ta gidan waya, ga sauƙin biyan haya. Amma a duba lambar banki mai alƙaluma 9 da lambar asusu sau biyu, kuskure ɗaya kan jawo jinkiri.

3. A kan kati ra'ayi ya rabu. Marasa asusu sun ce ya rufa musu asiri. Wasu sun koka da cajin cire kuɗi a na'urar wani bankin daban. Ni dai na fi karkata ga asusu.

4. Ko wanne ka zaɓa, in ba ka tabbatar wa hukumar jiharka cewa har yanzu ka cancanci tallafin kowane mako ko biyu ba, kuɗi ba zai shigo ba.

5. Gwamnatin tarayya na karɓar haraji a kan kuɗin tallafin. Wasu sun ce a bari a cire kashi 10 tun farko, wasu sun gwammace su biya daga baya.