Kuɗin kula da Baba ya fi ƙarfinmu, ina mafita?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya kamu da korona a watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano ana ta binne dattawa. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma numfashinsa bai koma daidai ba, bayan shekara biyu kuma shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya. Mu bakwai ya haifa. Muka kafa asusu kowa yana zuba dubu goma a wata, muka ɗauki wani yaro yana juya shi yana yi masa wanka, ni kuma na bar koyarwa na dawo gida, tunda mijina ya rasu kuma kowa ya ga ni ce ba ni da uzuri. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin maganin hawan jini da famfas da gashin ƙashi suka fi ƙarfin asusun, masu zubi kuma suka koma uku. Yanzu Yaya ya ce a sayar da filin Baba. Me kuke gani?

'Yar'uwa daga Ingila: Wa alaikumus salam. Ku sayar, kada ku tsaya jiran kowa. Aikin kula da tsofaffi nake yi a nan, kuma wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi yake biya wa kansa. A 2021 gwamnatin Boris Johnson ta yi alƙawarin cewa abin da mutum zai kashe wajen kula da shi a rayuwarsa ba zai wuce fam 86,000 ba, aka ɗage, a 2024 aka soke. Idan ƙasashe masu kuɗi sun kasa, wa kuke jira?

Malam daga Zariya: Hajiya, a yi hattara. Dukiyar mai rai ba gado ba ce, kuma ba ki faɗa mana ko Baba yana cikin hankalinsa ba. In yana ganewa a nemi yardarsa gaban shaidu, in ba ya ganewa a je wurin alƙali ya naɗa mai kula da dukiyarsa, tun kafin waɗanda suka daina zubi su zo neman kaso.

Wani ɗan'uwa: Namu mahaifin shekara talatin da biyar ya yi yana aiki, ya rasu yana bin haƙƙinsa na sallama, kuma ni kaɗai na yi jinyarsa ƙannena suna kallo. Duk da haka ki bincika inshora, domin dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu na masu rauni, har da tsofaffi.

'Yar'uwa daga Ingila: Wannan inshorar ta magani da asibiti ce, ba za ta biya mai juya shi da dare ba. Japan ce ta ware wa kula da tsofaffi inshora ta musamman tun 2000, ma'aikaci yana fara zubi daga shekara 40. Kuskurenki, ƙanwata, shi ne barin aiki, domin albashinki da ya ɗauki mai jinya na biyu.

Mai neman shawara: Aunty, albashina bai kai abin da muke ba yaron ba, kuma Baba ba ya karɓar abinci sai daga hannuna. Malam, ba zan kai 'yan'uwana gaban alƙali Baba yana raye ba. Ganewa kuwa, wata rana yana gane mu, wata rana da sunan mahaifiyarmu yake kira na.

Malam daga Zariya: To takardun filin suna hannun wa?

Mai neman shawara: Suna wurin Yaya, kuma na ji ya riga ya yi magana da dillali.