Ramin Shinge: Dagi Ko Tarakta? Kowa Ya Faɗi Abin Da Ya Gani

Mai gona a hanyar Gezawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Hotoro nake zaune, amma ina da gona hekta ɗaya a hanyar Gezawa. Bara awaki sun cinye min dashen mangwaro tas, shi ya sa bana nake so in zagaye ta da waya mai ƙaya kafin in sake dasa komai. Kewayen mita 400 ne, in na bar mita biyu da rabi tsakanin turke da turke, rami 160 ke nan. Wani ya ce in sa yara su haƙa da dagi, wani ya ce in nemo tarakta mai ƙarfen haƙa a baya a gama a wuni ɗaya. Don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa ko da kuɗinsa ya faɗa min yadda ta kaya.

Dattijo daga Dawakin Kudu:
Wa'alaikumus salam. Yaro, kafin ka tambayi kayan aiki, tambayi ƙasar tukuna, sannan ka tambayi wata. Ni tun ina ɗan saurayi da dagi nake kafa dirka, har yau ban sauya ba. In gonarka jigawa ce, kuma ka zo da kaka, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke amma danshi yana nan a ƙasa, dagi shiga yake kamar a tuwo. Ka caka, ka murɗa, ka kwashe ƙasar da hannu ko da ɗan gwangwani. Ramin yana fitowa matsattse daidai turken, sai ka mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan kana daɓewa da gindin dagin. Turken da aka daɓe haka ko sa ya goga jikinsa ba ya motsi.

Amma ka bari sai Maris ko Afrilu, ka ga yadda dagi zai riƙa tsalle yana ƙara. Abin da muke yi a irin wannan lokaci, da yamma a fasa bakin ramin kamar taƙi ɗaya, a zuba ruwa rabin bokiti, a bar shi ya kwana. Da asuba a zo a ƙarasa. Zurfi kada ya gaza ƙafa biyu, na kusurwa kuwa ka ƙara, don su ne ke ɗaukar jan waya. In da itace za ka kafa, ka shafe gindin da baƙin mai saboda gara. Itacen ƙirya ya fi jure mata, sai dai yanzu samunsa aiki ne.

Direban tarakta a Kura:
Alhaji, abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, bari in ɗora daga ɓangarenmu. Ni a yankin Kadawa nake aiki, inda ruwan madatsar Tiga ke ratsawa, kuma na yi wa mutane ramin shinge ba sau ɗaya ba. Ƙarfen kamar ƙaton sukuru yake, ana ɗaura shi a bayan tarakta, sandar da ke juyawa daga injin ita ce ke murɗa shi. A ƙasa mai laushi, kafin ka gama gaisawa da mutum rami ya fita. Abin da ke cin lokaci shi ne matsawa da saita shi a kan layi. Rami 160 a ƙasa mai kyau aikin wuni ne, ba musu.

To amma ga abin da ba a faɗa wa mai gona. Na ɗaya, ba kowace tarakta ce ke da ƙarfen ba. Yawancinmu garma da haro muke da su, sai ka yi cigiya. Na biyu, kuɗin man gas na zuwa da komawa a kanka yake, ko rami goma za a yi ko ɗari biyu. Na uku, wanda ya fi damuna: irin wanda nake ja ba ya juyawa baya. Ya taɓa cafkar saiwar darbejiya ya shige ƙasa kamar an ɗaure shi, sai da muka kashe inji, muka kwance shi, muka sa dogon bututu muka warware shi da hannu mu uku. Rabin wuni ya tafi a rami ɗaya.

Sannan ina roƙonku da Allah, kada wanda ya tsaya kusa da sandar nan tana aiki. Juyi 540 take yi a minti ɗaya, wato tara a daƙiƙa. Babbar riga, rawani, mayafi, duk abin da ta kama ba ta saki. Ni ba na tayar da inji sai na ga yaran unguwa sun koma nesa, kuma ba na yarda wani ya danna ƙarfen da hannu wai ya taimaka masa ya shiga.

Hajiya mai kiwon kaji a Kumbotso:
Ni kam tarakta ta ci min kuɗi a banza, kuma ba laifin direban ba ne. Sama-sama filina yashi ne mai kyau, ashe ƙafa ɗaya a ƙasa marmara ce, irin jar nan mai tauri da kuke gani a Dala da Goron Dutse. Ƙarfen yana isa wurin sai ya tsaya yana ta shawagi a kai, ƙura ja tana tashi, ba ya gaba. Kusar da ke kare injin ta karye sau biyu. Ƙarshe muka sallami mai tarakta, na kawo masu diga. Mako guda suka yi, tafin hannunsu duk ya yi kanta, wallahi har tausayi suka ba ni na ƙara musu a kan yadda muka yi ciniki. Ɗan'uwa, ka haƙa na gwaji a wurare da dama kafin ka ba kowa kuɗin kafin alƙalami.

Magini daga Kurna:
Hajiya ta gama magana. Ni abin da zan ƙara na masu fili a cikin gari ne, hamsin da ɗari ko ƙasa da haka. Kada ma ku fara tunanin tarakta. Lungun ba zai ɗauke ta ba, ramukan ba su kai a kira inji ba, kuma ba ka san inda bututun ruwan maƙwabci ya bi ba. Da shebur za ka ji shi ka tsaya, inji sai dai ka ga ruwa yana tsiri.

Ga Alhaji kuma, ka duba faɗin ƙarfen haƙan. In turakun kankare za ka kafa, ko na ƙarfe daga Ƙofar Ruwa, mai inci 9 ya isa. Mai inci 12 ramin ya yi faɗi, duk sararin nan siminti da tsakuwa za ka cika shi da su. A rami 160 buhunan da za su ƙaru ba kaɗan ba ne. Kuma ko inji ne ya haƙa, sai mutum ya bi ya kwashe ƙasar da ta zube ciki, in ba haka ba da ruwan Agusta turken zai nutse waya ta saki.

Matashi daga Ungogo:
Akwai ƙaramin injin haƙa na hannu mai amfani da fetur, mutum biyu suke riƙewa. Na yi aiki da shi a jigawa, ya yi min kyau sosai. Amma da ya haɗu da dutse fizgar hannu yake yi, wuyan hannuna ya yi kwana uku a kumbure.

Mai gona a hanyar Gezawa:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Hajiya, na bi shawararki. Ranar Asabar na tafi da dagi da yara biyu, muka haƙa takwas: kusurwa huɗu da tsakiyar kowane gefe. Gefe uku yashi ne har ƙasa, ga danshi kamar yadda Baba ya ce. Gefen arewa kuwa burji muka tarar tun kafin ƙafa ɗaya, ga darbejiya uku a kan layin. Na yanke shawara ba zan kira tarakta ba. Na yi magana da matasan ƙauyen su shida, za su fara da gefe ukun nan jibi tun ƙasa ba ta bushe ba, na arewa kuma za mu jiƙa shi ya kwana a bi shi da diga. Malam magini, turakun kusurwa kankare zan zuba, zan neme ka a kan awon siminti.