Yaya ake ba da maki a darasin zane ba tare da an zalunci ɗalibi ba?

Malamar zane, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina koyar da zane a aji biyu na babbar sakandare, kuma abin da ke damuna shi ne makin da nake bayarwa. Makon jiya na ajiye buta da ƙwarya a kan teburi, na ce su zana. Wata ɗaliba ta kawo aiki tsaf, amma butarta ta fi ƙwaryar girma sau uku. Wani yaro ya cika takardarsa da gogen kilina, amma ya kama girman kowanne daidai. Wa ya cancanci maki mafi yawa?

Tsohon malami, Kano:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina yaron ne, domin abin da muke aunawa shi ne ko ɗalibi ya iya kallon abu ya ga yadda yake, tsabtar takarda kuwa tana zuwa daga baya. Ni nakan raba makin tun kafin a fara: kaso mafi girma ga daidaiton girma da siffa, sai haske da inuwa, sai yadda aka zaunar da abin a takarda, tsabta kuma ta zo ƙarshe. Ki rubuta rabon a allo su gani, saboda ɗalibin da ya san abin da ake nema yakan daina ɓata rabin lokacinsa wajen goge layi. Ki koya musu miƙe hannu da fensir, su rufe ido ɗaya su auna tsayin buta da faɗin ƙwarya, domin a jarrabawar WAEC da NECO ma abu za a ajiye a gabansu.

Malamar kwalejin ilimi:
Na yarda da Malam, sai dai zane ɗaya ba ya nuna iyawar yaro. Ki sa kowa ya riƙe littafin zane, yana rubuta kwanan wata a kowane shafi, a ƙarshen zango ki gwada shafin farko da na ƙarshe. Idan fensir 2B, wato mai laushin nan da ake yin inuwa da shi, ya yi tsada, gawayi yana koyar da inuwa sosai.

Malamar zane, Zariya:
Na gode ƙwarai. Zan sake ajiye butar ranar Litinin, in fara da ɗalibar nan wajen aunawa da fensir.